Labulen Ɗakin Hajja

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau aka kawo mahaifiyata, Hajja, daga Gwiwa zuwa gidana a nan Kazaure. Yaya Halliru ne ya ɗauko ta a motarsa, sannan ya tsayar da ni a zaure ya maimaita mini abin da likita ya faɗa masa. Na saurara har ya gama. Ba zan rubuta shi a nan ba, domin rubutawa ba za ta rage masa komai ba.

Abin da zan rubuta shi ne ɗakin. An ce ƙirjinta ba ya son warin fenti da na leda, idanunta kuma ba sa jure haske. Saboda haka 'yata Shahida, wadda ta karanci adon ɗaki a Kano, ta yi mako uku tana gyara ɗakin gabas. Ta ɗebe ledar ƙasa, ta sauke labulen kanti mai sheƙi, ta sa aka yi daɓe da makuba. Ta shimfiɗa tabarmin kaba biyu na kasuwar Babura, ta rataya asabari a ƙofa. Ni da na ɗauka karatun nata na zaɓen kujeru ne, sai ga shi ta mayar da ɗakin irin wanda aka haife ni a ciki.

Labulen taga ne kaɗai aikina. Da aka riga aka kawo kayan Hajja, na buɗe adudunta ina neman zanen gado, sai na tarar da farin yadi saƙar hannu a can ƙasa, mai kauri, an naɗe shi cikin wani tsohon zane. Na ce a raina ragowar sana'arta ce, tunda ta yi shekaru tana kaɗin auduga. Na aika da shi marina, aka tsoma shi a baba har ya yi shuɗi mai duhu, na ɗinke bakinsa da hannuna. Yana tare rana, iska kuma tana ratsa shi.

Da aka kwantar da ita ta ja numfashi ta ce, "Kaltume, ɗakin nan gidan babana yake tuna mini."

Na ce, "Makubar ce, Hajja, ko kabar?"

Ta ce, "Ke komai sai kin rarrabe shi kamar kina gaban 'yan ajinki. Bar ni in shaƙi abina."

Na ji daɗi, har na ji daɗin ya yi yawa. Allah Ya tsare ni daga alfahari.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Ta yi barci har rana ta ɗaga. Yaya Halliru ya ce rabonta da irin wannan barci tun kafin azumi. Ta sha rabin kofin kunu.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan magariba

Gwaggo Saude, ƙanwar marigayi Baba, ta zo daga Gwiwa duba Hajja. Shekara hamsin suna tsokanar juna, yau ma ba su fasa ba.

Tun daga ƙofa ta ce, "Matar yayana, an kawo ki birni kin miƙe ƙafa kamar amarya? Tashi ki ba ni goro."

Hajja ta ce, "Da wane haƙorin za ki ci?"

"In daka abina. Ina ruwanki?"

Hajja ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da Gwaggo ta tashi tafiya, sai ta dafa taga don ta miƙe, hannunta ya kama labulen. Na ga ta tsaya. Ta murza gefensa tsakanin yatsunta, ta dube ni. Na raka ta zaure.

Ta ce, "Kaltume, ina kika samo yadin nan?"

Na faɗa mata. Ta nemi dakali ta zauna.

"Likkafanin uwarki ne."

Ta ce bayan rasuwar Baba, Hajja ta yi shekara uku tana kaɗa shi da audugar da ya noma a daminarsa ta ƙarshe. Malam Sama'ilu, masaƙin Roni, shi ya saƙa mata. Shekarar da ta sauke farali ta tafi da shi, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya shi a can, ta dawo da abinta ta adana. Gwaggo kaɗai ta nuna wa, domin ita ta yi wa wasiyyar wankanta.

Na ce, "Me ya sa ni ba ta faɗa mini ba?"

Gwaggo ta ce, "Yaushe aka taɓa yin maganar mutuwa da ke ba ki mai da ita wa'azi ba?" Ta gyara mayafinta. "Ki faɗa mata da bakinki. Ni ba zan ɗauke miki wannan ba."

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan asuba

Ban faɗa mata ba.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan azahar

Shekara ashirin da shida ina koya wa yara a Islamiyya cewa ba a taɓa kayan wani sai da izininsa, ko da allura ce. Na taɓa mayar da yarinya gida a kan alƙalami. Ni kuwa na buɗe adudun mahaifiyata, na ɗauka, na rina, na yanka, na rataya, na kuma tsaya ina jiran yabo. Waya tana hannuna a ranar. Me ya hana ni kira in tambaye ta? Na juya tambayar nan tun jiya, kuma amsa ɗaya take dawo mini: na riga na fara ɗaukar Hajja a matsayin wadda ba a tambaya, sai dai a yi mata.

Na gaya wa Shahida. Ta yi kuka, sannan ta ɗauko ɗan ƙyallen da ya rage lokacin ɗinki, ta jiƙa rabinsa a maganin cire launi. Ya fito ruwan toka, da ta ja shi ya yage.

Ta ce, "Umma, baba ba ya barin auduga in ya kama ta. Mu sayo farin yadi a kasuwa, mu naɗe a zanen nan, mu mayar cikin adudun. Hajja ba ta gani sosai."

Na ce, "Yatsunta suna gani."

Ban ce mata Allah Yana gani ba. Na ji ba ni da bakin faɗin haka a yau.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Roni da ragowar ƙyallen. Duwatsun garin sun yi kore shar saboda ruwa, amma ban iya tsayawa na yi tasbihi a kansu yadda na saba ba. Na sami Malam Sama'ilu a rumfarsa, ya tsufa ƙwarai, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin masaƙarsa. Bayan mun gaisa na miƙa masa ƙyallen. Bai ɗaga shi sama ba ma, shafawa kawai ya yi.

Ya ce, "Saƙata ce. Kaɗin Hajja ta Gwiwa ne. Zarenta ba ya tsinkewa sai in hannuna ne ya yi laifi. Wa ya rina?"

Na ce ni ce, na kuma ba shi labari. 

Ya ce, "Malama, in da zaren kanti ne, mako guda na gama miki. In kuwa irin wannan kike so, sai ki kawo kaɗin hannu. Masu kaɗin da na sani huɗu ne. Biyu sun rasu, ɗaya ta makance, ɗaya tana kwance a gidanki. Akwai ɗan ragowar zarenta a wurina tun wancan aikin, na yi ta niyyar mayar mata, amma bai kai komai ba." Ya dube ni. "Ke ba 'yarta ba ce? Ba ki iya ba?"

Ban iya ba. Ina shekara goma sha biyu ta miƙo mini mazari, na ce mata an wuce zamanin wannan, ni makarantar kwana zan tafi. Ta mayar da shi cikin taskira, ba ta kuma sake miƙo mini ba.

A mota na yanke shawara: zan koya, in kaɗa, a saƙa, in mayar cikin adudu ba tare da ta sani ba. Na san wannan dabarar Shahida ce na yi wa ado.

Ban faɗa mata ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan magariba

Yaya Halliru ya aiko mini da audugar bara daga Babura, ya saya a hannun matan da ke tsallako iyaka ranar kasuwa. Bai tambayi dalili ba. Gwaggo Saude ta aiko da mazari da alli, babu saƙo. Ni da Shahida muka cire irin da hannu, muka shiɓe ta gwargwadon iyawarmu.

Bayan azahar na zauna a bayan madafa, nesa da ɗakin gabas. Na murza mazari, zare ya tsinke. Na ƙulla, ya sake tsinkewa. A karo na bakwai sai na ji muryarta, siririya, daga ɗaki:

"Wa ke wahalar da mazari a gidan nan?"

Na shiga da kayana a hannu kamar wadda aka kama.

Ta ce, "Shahida ce ta sa ki, ko? Za a yi wa manyan gari labule. To zauna, kada ki kunyata ni a gaban masu saye."

Na yi shiru, ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ta sa na matso, ta laluba hannuna ta ɗora nata a kai.

"Shafa alli a yatsu. Kada ki ja. Ki bar nauyinsa ya ja. Ke komai da ƙarfi, tun kina jaririya."

Zaren ya yi tsawon kamu ɗaya bai tsinke ba. Ta ce, "Yawwa, 'yar albarka." Na koya wa yara cewa shirun da ya bar mutum a kan zaton da ba daidai ba, ɗan'uwan ƙarya ne. Na san babin. Ni na koyar da shi.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun safe. Ina kaɗi a gefen gadonta, tana gyangyaɗi tana farkawa. Ko idonta a rufe, in zare ya yi kauri sai ta ce, "Kin sake." Ban taɓa zama da ita tsawon haka ba tun da na yi aure. Ina jin daɗin zaman, kuma ban cancanci daɗin ba.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Ta ce in matso mata da adudunta kusa da gado, akwai abin da take so ta taɓa. Na ce akwatunan Shahida suna kansa, sai gobe. Babu akwati ko ɗaya a kansa.

Yau ba shiru na yi ba.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Ba ta tambaya ba. Ba ta da ƙarfin tambaya.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan magariba

Tsakanin azahar da la'asar jikin Hajja ya rikice. Shahida ta kira Yaya Halliru, ya taso daga Babura bai ko sa hula ba. Ina riƙe da hannunta ina maimaita mata kalmar shahada, idona kuwa yana kan labule. Allah Ya gafarta mini, a wannan sa'ar ba rabuwa da ita ce ta fi tsorata ni ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta tafi tana zaton abinta yana nan a ƙasan adudu, fari, yana jiranta.

Kafin magariba ta dawo hayyacinta. Ta nemi ruwa.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Bayan sallar asuba na ɗauko adudun na ajiye a gaban gadonta, na durƙusa. Na faɗa mata duka, tun daga buɗewa har zuwa akwatunan da babu su. Ban yi wa kaina uzuri ba, ban kuma kawo aya ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ɗora hannuna a kai."

Na janyo gefen labulen na sa mata a hannu. Ta bi shi da yatsa a hankali, daga ɗinki zuwa ɗinki. Sannan ta saki, ta juya fuskarta ga bango.

"Fita, Kaltume."

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Ba ta yi mini magana ba. Ta karɓi kunu daga hannun Shahida.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

Ta aiko Shahida ta kira ni. Na tsaya a bakin asabari har ta ce in shigo.

Ta ce, "Ni na kai shi Makka, ke kin kai shi marina."

Ban san ko dariya ake so ko kuka ba, sai na durƙusa.

"Ba rinin ne ya ƙona mini rai ba. Kwana goma sha biyar kina sane. Hannuna a kan naki, kina sane. Me kike tsoro? Duka zan yi miki da wannan hannun?"

Na ce, "Kunya, Hajja."

"Kunyar wa? Tawa, ko ta malama ta yi kuskure?"

Ta riga ta amsa da kanta.

Ta daɗe tana numfashi, sannan ta ce, "Audugar babanki ce. So na yi in tafi da abinsa." A nan muryarta ta karye, ni ma na kasa riƙewa. Rabon da mu yi kuka tare tun ranar da aka fita da shi. Na ce zan sauke labulen yanzu, a ajiye mata ko a haka.

Ta ce, "Bar shi. Tun da na shigo ɗakin nan nake barci, na rasa dalili. Ashe gonarsa ce take yi mini inuwa." Ta share fuska da bayan hannu. "Nawa kika kaɗa?"

Na kawo mata dunƙule uku. Ta auna su a tafinta ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ko ɗankwali da ƙyar. To a saƙa ɗankwalin. Sauran, Halliru ya sayo fari a kasuwa kamar na kowa. Ni ma wataƙila alfahari ne ya sa na so nawa ya bambanta."

Na ce, "Hajja, kin yafe mini?"

Ta ce, "Ɗauko mazarin, rana tana tafiya."

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Gwaggo Saude ta dawo da ƙullin kayanta, ta ce ta zo ke nan sai abin da Allah Ya yi. Da ta ga kaɗina ta riƙe baki.

"Wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya? Miƙo nan in taimake ki."

Hajja ta ce, "Bar ta, Saude. Nata ne."

"To ki tafi da shi a kai, mala'iku su ga aikin 'yar boko."

"Sun fi ki sanin darajarsa."

Dunƙule biyar. Yatsuna sun yi kanta. Har yanzu Hajja ba ta amsa tambayata ba, ni kuma ban sake yi ba.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan azahar

Shahida ta kai zaren Roni. Ta dawo ta ce Malam Sama'ilu ya ja shi, ya girgiza kai, ya ce ba zai jure zaren tsaye ba, sai dai ya shiga a kwance. Amma ragowar zaren Hajja da ke wurinsa zai isa tsayen ɗankwali ɗaya. Ya ce a ba shi kwana uku, kuma a gaida Hajja.

Na faɗa wa Hajja nan take, kafin Shahida ta cire mayafi. Ta rufe ido ta ce, "Ashe Sama'ilu ma ɓarawo ne." Tana murmushi.

Numfashinta ya ƙara gajarta.

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Ɗankwalin ya iso. Ƙyalle huɗu sirara, na haɗa su da farin zare a gabanta. Bai yi kyau ba. Gefe ɗaya duk ƙulle-ƙulle ne kamar bayan kwaɗo. Yaya Halliru ya kawo ɗan zamzam da yake ajiye da shi, Gwaggo ta yayyafa.

Hajja ta shimfiɗa shi a ƙirjinta tana bi da yatsa. Ta ce, "Wannan na tsaye nawa ne, na gane shi. Wannan mai ƙullin naki ne na farko." Yatsanta ya ci gaba har ya kai inda saƙar ta yi laushi. "Nan kuma bayan kin faɗa mini ne. Kin ji yadda hannunki ya saki?"

Na shafa. Gaskiya ne.

Ta ce, "Na yafe miki tun ranar Lahadin nan. Bari na yi ki gama kaɗin, don na san halinki. In an yafe miki sai ki tafi nafila ki bar aiki."

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Hajja ta ninke ɗankwalin ta sa a ƙarƙashin kumatunta.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan magariba

Ba ta sha komai ba. Hannunta yana cikin nawa.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan azahar

Allah Ya karɓi abinsa. Bayan wanka, Gwaggo Saude ce ta ɗaura mata ɗankwalin. Ta fito ta same ni a tsakar gida ta ce ya kai, har da ɗan abin sokewa.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Baƙi sun watse. Gwaggo ta koma Gwiwa jiya, ta ce in riƙe mazarin. Shahida ta share ɗakin gabas, ta shanya tabarmi, sannan ta tambaye ni ko a sauke labulen a adana. Na ce a bar shi inda ta ce a bar shi.

Audugar Babura ta rage da yawa. Na zauna a ƙarƙashin tagar, na shafa alli, na murza. Zaren bai tsinke ba. A wannan tafiyar, in Allah Ya ba ni kwana, likkafanina zai ɗauke ni shekara uku ko huɗu.

Da na cika dunƙule na farko, na kira Shahida. Na sa mata shi a hannu, na nuna mata adudun da zan riƙa ajiyewa, na gaya mata ko na mene ne, na kuma ce duk ranar da take son sanin wani abu game da shi ta tambaye ni. Ta ce, "Umma, ki daina." Sai kuma ta zauna kusa da ni, ta miƙo yatsunta in shafa mata alli.

Na faɗa mata.